Yadda Ake Haɗa Kifayen Ado Iri-iri a Tanki Ɗaya Su Zauna Lafiya

Zaman lafiyar kifayen ado a tanki ɗaya abu ne da ake yanke shi tun kafin a sayo kifi ko guda. Kifin da ke cikin kogi, idan wani ya matsa masa, ko ruwan wani wuri bai yi masa ba, yana da inda zai ƙaura. Na cikin tanki kuwa gilashi ne ya kewaye shi ta kowane gefe, don haka duk abokin zaman da aka ɗora masa, da shi zai kwana, da shi zai tashi har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka nauyin zaɓi yana wuyan mai kiwo, kuma akwai tsarin da ya kamata ya bi: ya fara da ruwa, ya koma kan girman tanki, sannan ya duba girman kifayen da halayensu da yawansu. Wanda ya fara da kyan launi yakan ƙare da asara.

Mataki na farko: sanin ruwan da ake da shi

Kafin a shiga maganar wane kifi ne mafaɗaci, wane ne mai haƙuri, sai an tabbatar cewa ruwa ɗaya zai ɗauke su duka. Abubuwa uku ake dubawa: zafin ruwan, tsaminsa, da yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa.

Yawancin kifayen ado da asalinsu ƙasashe masu zafi ne suna walwala a tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Kifin zinariya, wanda aka fara kiwonsa a ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, kamar digiri 18 zuwa 22, ga shi kuma da yawan ci da yawan kashi. Kifin diskus na kogin Amazon kuwa sai ruwa ya kai digiri 28 zuwa 30 yake sakewa. Waɗannan biyun ba faɗa ne zai raba su ba, domin ko wane zafi aka tsayar, ɗayansu yana cikin wahala. Ya kamata a riƙa tunawa kuma cewa ruwa yana rage riƙe iskar shaƙa gwargwadon ɗuminsa, don haka tankin da ya haura digiri 30 yana buƙatar ƙarin motsa saman ruwa da rage yawan kifi.

Tsamin ruwa ana auna shi da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, kuma 7 ne tsakiyarsa. Tazarar lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce, don haka bambancin da ke tsakanin 6 da 8 ninki ɗari ne, ba ƙaramin abu ba ne ga halittar da jikinta ke jiƙe da ruwan dare da rana. Ƙananan tetira na Amazon da rasbora na kudu maso gabashin Asiya sun fito ne daga ruwa mai ɗan tsami, mai ƙarancin ma'adinai. Gupi da moli da filati sun fi lafiya a ruwa mai ma'adinai, wanda pH ɗinsa ke tsakanin 7 da 8. Sikilid na tafkin Malawi da na Tanganyika suna son abin da ya kai 8 ko ya ɗara, kuma halinsu na faɗa ma ya sa sai a tanki nasu na kansu.

Shawarata a nan ita ce a sayi kayan gwajin ruwa, a auna ruwan da za a riƙa amfani da shi kullum, sannan a zaɓi kifayen da suka dace da shi. Wannan ya fi sauƙi da aminci a kan a zaɓi kifi tukuna, a dawo ana zuba magunguna don a lanƙwasa ruwan. Kifi ya fi jure ruwan da bai cika daidai ba amma yana tsaye a wuri ɗaya, a kan ruwan da yau ya hau, gobe ya sauka. Da yawa daga cikin kifayen da ake sayarwa a gonakin kiwo aka haife su, kuma suna rayuwa lafiya a ruwan da pH ɗinsa ke tsakanin 6.5 da 7.5.

Mataki na biyu: tanki da kayan aikinsa

Ga mai son haɗa jinsi uku ko huɗu, kada tankin ya gaza lita 80 zuwa 100. Ƙaramin tanki ya fi babba wuyar riƙo, domin ruwa kaɗan saurin gurɓata yake yi. Mai tsawo a kwance ya fi mai tsayi a tsaye, saboda yana ba da filin iyo, da faɗin saman ruwa inda iska ke shiga, da faɗin ƙasa da kifaye za su rarraba a tsakaninsu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ban da nauyin gilashi da yashi da duwatsu, don haka teburin da za a ɗora shi ya zama mai ƙarfi kuma a daidaice. A nisanta shi daga hasken rana kai tsaye, a yi masa murfi domin wasu kifayen suna tsalle, a sa masa ma'aunin zafi, da na'urar ɗumama ruwa inda ake buƙatarta, da na'urar tace ruwa wadda za ta iya juya dukkan ruwan tankin sau huɗu ko biyar a sa'a guda.

Mataki na uku: raya tankin kafin kifi ya shiga

Wannan ne matakin da gaggawa ta fi ɓatawa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta gaɓar numfashinsa da ta kashinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe amoniya take zama, kuma amoniya guba ce. A tankin da ya kafu akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson na'urar tacewa da jikin tsakuwa. Wasu suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin su yawaita akan ɗauki mako huɗu zuwa shida.

Yadda ake yi shi ne a cika tankin, a zuba maganin kashe kulorin idan ruwan famfo ne, domin kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo don tsabtace shi, yana kashe bakteriyar kamar yadda yake cutar da kifi, a kunna na'urar tacewa ba dare ba rana, sannan a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum don ya ruɓe ya ciyar da ƙwayoyin. Ana gwada ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya shi ma ya hau ya sauka. Ranar da dukansu biyu suka tsaya a sifili, naitiret kuma ya bayyana, tankin ya shirya. Idan aka sami ɗan yankin soso daga tsohon tanki mai lafiya aka saka a sabuwar na'urar, lokacin yana raguwa sosai.

Mataki na huɗu: zaɓen abokan zama

A nan ne ya kamata a zauna da takarda da alƙalami, a rubuta sunan kowane kifi da ake sha'awa, a binciki halinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana da kyau a nemi sunansa na kimiyya, domin sunan kasuwa ɗaya yakan hau kan kifaye daban-daban.

Tambaya ta farko ita ce girman da kifin zai kai idan ya manyanta, tunda kusan duk abin da ake sayarwa 'ya'ya ne. Oska da ake gani ɗan santimita 5, mai manyan idanu da ban sha'awa, yana kaiwa santimita 30. Fileko na gama-gari, wanda ake sayar wa mutane da sunan mai share gansakuka, yana wuce santimita 30, kuma kashin da yake yi ya fi abin da yake sharewa. Wanda ke son irin aikinsa ya nemi ansistirus, ɗan'uwansa da ke tsayawa a santimita 12 zuwa 15. Ƙa'idar da ba ta cika karyewa ba ita ce duk abin da ya shiga bakin kifi abincinsa ne, komai haƙurinsa. Kifin enjel, wato Pterophyllum scalare, yakan tashi tare da niyon tetira lafiya lau yana ƙarami, amma idan ya kai girmansa na santimita 15, niyon ɗin da bai wuce santimita 4 ba sai a ga suna raguwa ɗaya-ɗaya cikin dare. Ba mugunta ba ce, ƙananan kifaye suna cikin abincinsa tun a kogin da ya fito.

Akwai lissafin da ake yawan faɗa na santimita ɗaya na kifi ga kowace lita ɗaya ta ruwa. Yana iya yin aiki ga ƙananan kifaye sirara, amma bai kamata a dogara da shi ga manya ba, domin kifin da ya ninka wani tsawo sau biyu, idan siffarsu ɗaya ce, ya ninka shi nauyi kusan sau takwas, kuma ƙazantarsa tana bin nauyinsa ne.

Tambaya ta biyu ita ce hali, kuma faɗan kifi iri-iri ne. Akwai masu yagar fiffike, irin su taiga bab na Sumatira da tetira sarfe, waɗanda ba sa iya ganin doguwar jela tana lilo su ƙyale ta. Kada a haɗa su da beta, ko namijin gupi, ko enjel. Akwai masu kare gurbi, waɗanda ke zaɓar wani kogo ko lungu su hana kowa kusanta. Baƙin kifin nan mai jar jela na ƙasar Tailan, Epalzeorhynchos bicolor, yana cikinsu, kuma ba ya jure ganin ɗan jinsinsa ko mai kama da shi. Mazan beta biyu ba sa zama tanki ɗaya ko kaɗan, mazan ƙananan gurami ma sukan takura wa juna. Akwai kuma waɗanda lafiyayyu ne sai lokacin haihuwa, kamar kiribensis na kogunan kudancin Najeriya da Kamaru: mace da namiji suna zaune da kowa lafiya, amma ranar da suka yi ƙwai a kogo, rabin ƙasan tankin ya zama nasu. Sannan akwai cutarwar da ba cizo a cikinta. Zebira daniyo kifi ne mara faɗa, amma saurinsa da rashin zamansa sukan hana kifi mai sanyin jiki cin abinci, har ya rame a tankin da abinci ke wadace.

Tambaya ta uku ita ce yawa, kuma a ganina ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tetira, rasbora, daniyo, bab da koridoras duk kifayen garke ne. Idan aka ajiye biyu ko uku, suna zama cikin tsoro, launinsu ya dushe, wasu kuma su koma cizon maƙwabta. Shida ne mafi ƙarancin adadi, takwas zuwa goma ya fi. Taiga bab ɗin da aka ambata, idan suna da yawa, rigimarsu takan tsaya a tsakaninsu, kowa ya san matsayinsa. Saboda haka jinsi uku masu cikakken garke sun fi jinsi takwas da aka tsinto bibbiyu, a wajen lafiya da ma wajen kyan gani, domin babu abin da ya kai garken rasbora goma sha biyu suna juyawa lokaci guda kyau a tanki.

Gupi, filati, moli da mai jelar takobi ba ƙwai suke yi ba, 'ya'ya suke haifa, kuma mazansu ba sa gajiya da bin mata. A sa mata biyu ko uku ga kowane namiji don a raba wahalar. A kuma shirya wa yawansu, domin macen gupi tana haihuwa kusan duk bayan mako huɗu, kuma tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta ta yi ta haihuwa watanni bayan an raba su. Wanda ba shi da inda zai kai 'ya'yan ya ajiye maza zalla.

Abu na ƙarshe shi ne a raba tankin hawa uku. Daniyo da gurami da gupi sun fi zama a sama, tetira da rasbora da bab a tsakiya, koridoras da ansistirus da kuli, wani siririn kifi mai kama da maciji, a ƙasa. Idan kowane hawa yana da mazaunansa, gogayya tana raguwa.

Ga yadda haɗin zai iya kasancewa. A tanki mai lita 100 da ruwa mai ɗan tsami ko matsakaici, ana iya sa rasbora halikwin goma, koridoras shida, gurami mai launin zuma mace da namiji, da ansistirus guda. Idan ruwan mai ma'adinai ne, sai a sa filati shida, maza biyu mata huɗu, da zebira daniyo takwas, da koridoras na jinsin aeneus shida, waɗanda suke da juriya. A tanki mai lita 200 ana iya sa gurami mai ɗigon lu'ulu'u namiji ɗaya da mata biyu, kadinal tetira goma sha biyar, koridoras takwas da kuli shida. Masu son ƙara ƙananan jatan lande su sani cewa yawancin kifaye za su cinye 'ya'yansu, kuma duk maganin kifi da ke da sinadarin tagulla yana kashe su tare da dodon koɗi.

Mataki na biyar: shimfiɗar cikin tanki

Kifi yakan kori abin da idonsa ke gani ne, don haka tsirrai da itace da duwatsu da ke tare gani suna kashe rigima da yawa. A dasa dogayen tsirrai irin su balisneriya a baya da gefe, a bar fili a gaba don iyo. Tsirrai irin su anubiyas da fan na tsibirin Jaba ba sa buƙatar haske mai ƙarfi, amma ɗaure su ake yi a jikin itace ko dutse, domin idan aka binne kaurin jijiyarsu ruɓewa take yi. Maɓoya su fi masu neman maɓoya yawa. Koridoras suna buƙatar yashi mai laushi, saboda da gashin bakinsu suke tonon abinci, kuma tsakuwa mai kaifi ko mai datti tana cinye shi. Ansistirus yana son itacen da zai riƙa gurza, gurami kuma yana natsuwa a ƙarƙashin tsirrai masu yawo a saman ruwa. Fitila ta yi sa'a takwas zuwa goma a rana, sannan a kashe.

Mataki na shida: shigar da kifayen

Tun a wurin saye a tsaya a kalli tankin da kifin yake. Idan akwai matacce a ciki, ko mai fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mai goga jikinsa a dutse, a haƙura da duk kifayen wannan tankin. Wanda aka sayo kuma, in da hali, a killace shi a wani ƙaramin tanki na mako biyu zuwa huɗu kafin ya shiga cikin jama'a, domin baƙo ɗaya mai cuta ya isa ya kwantar da tanki duka.

Kada a zuba dukkan kifayen rana ɗaya, saboda yawan bakteriyar yana bin yawan ƙazantar da suka saba samu. A sa garke ɗaya, a jira kamar mako biyu ana gwada ruwa, sannan a ƙara na gaba. A fara da masu haƙuri da juriya, a ajiye masu kare gurbi su zo ƙarshe, don su tarar kowa ya riga ya zauna. Idan dole ne a kawo baƙo cikin tankin da wani ya riga ya mallake, a sauya wa duwatsu da itatuwa wuri a ranar, yadda tsohon ma zai koma neman gurbi.

A kashe fitila, a ɗora ledar kifin a saman ruwa tana ɗaure na minti 15 zuwa 20 don zafin ya daidaita, sannan a buɗe a riƙa zuba mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan na wani ɗan lokaci. Daga nan a kamo kifin da 'yar raga a sake shi, a zubar da ruwan ledar waje.

Mataki na bakwai: ciyarwa da sa ido

Lokacin cin abinci ne ake gane gaskiyar zaman tanki. A ba da abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, sau ɗaya ko biyu a rana, a watsa shi a gefe biyu don kada masu ƙarfi su tare wuri. Kifayen ƙasa ba kashin sauran suke ci ba, kamar yadda wasu ke zato, kuma ragowa ba ta isarsu. A jefa musu abinci mai nutsewa, zai fi kyau bayan an kashe fitila.

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, don haka ba kowace kora ce abin tayar da hankali ba. Idan maza biyu suka buɗe fikafikai, suka zagaya juna, ɗaya ya kori ɗaya taƙi kaɗan kowa ya koma harkarsa, wannan neman matsayi ne. Haka kuma idan koridoras ya harbo sama da gudu ya haɗiyi iska ya koma ƙasa, ɗabi'arsa ce, domin yana iya shaƙar iska ta hanjinsa. Abin damuwa shi ne kifin da ya maƙale a lungun sama bayan bututun na'urar tacewa, ya tsuke fikafikansa a jiki, launinsa ya koɗe, gefen jelarsa ya yi gatsa-gatsa, abinci ya wuce ta gabansa bai motsa ba sai wani ya kau da kai. Irin wannan, ko ba a kashe shi da cizo ba, firgici yana raunana garkuwar jikinsa har cuta ta same shi.

Idan aka ga haka, a fara da gwada ruwa, domin amoniya ko naitirait ma suna jawo irin waɗannan alamu. Idan ruwa lafiya yake, a duba ko garken ya yi kaɗan a ƙara, a ƙara maɓoya, a sauya shimfiɗa. Idan bayan kwanaki abin bai canza ba, a cire mai cutarwar a ba shi wani tanki, ko a mayar wa mai sayarwa, ko a ba wani mai kiwo. Kada a sake shi a kogi ko tafki, domin ta irin wannan hanya fileko ya bazu a ruwayen Filorida da Filifin da Indiya, inda yake gogayya da kifayen asali yana kuma haƙa ramuka a gaɓa.

Kowane mako a canza kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, a zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a tabbatar sabon ruwan ba kulorin kuma zafinsa ya yi kusa da na tankin. Soson na'urar tacewa a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba, don kada a kashe bakteriyar. Naitiret kada ya wuce miligiram 40 a lita, ƙasa da 20 ya fi. Sannan bayan wata shida zuwa shekara a sake duba haɗin gaba ɗaya, domin a lokacin ne yawancin kifayen ke balaga, kuma enjel ko gurami ko kiribensis da ya shigo yana ɗan tsako yana iya buƙatar fili fiye da wanda aka tanadar masa tun farko.